Jim Gray: Mutumin da ya koya wa kwamfuta yadda za ta farfaɗo idan ta faɗi

Matasa, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ya san wannan fargabar: alat ya shigo an cire kuɗinka, mai shago kuma ya ce shi bai ga komai ba. Galibi kuɗin kan dawo, ko da an ja rai. Ƙa'idar da ta hana kuɗi ɓacewa a tsakiyar hanya tana da tarihi, kuma cikin waɗanda suka kafa ta babu kamar wani Ba'amurke mai suna Jim Gray.

An haife shi a San Francisco ranar 12 ga Janairun 1944. Yarintarsa ta farko a Rum ya yi ta, har ma ya fara jin Italiyanci kafin Turanci. Ya yi karatu a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ya samu digirin digirgir a 1969, daga nan ya shiga kamfanin IBM.

Ya shiga a kan gaɓa. A 1970 wani ma'aikacin IBM, Edgar Codd, ya kawo shawarar a riƙa adana bayanai cikin jadawali masu layuka da ginshiƙai, kowane jadawali yana da alaƙa da ɗan'uwansa: ga na sunayen kwastomomi, ga na asusunsu, ga na shige da ficen kuɗi. A takarda abin ya yi kyau. Sai aka kafa tawaga a San Jose don a gina shi a aikace, aka kira aikin System R, wanda daga cikinsa yaren SQL ya fito. Shi Gray ya ɗauki ɓangaren da ba ya burge kowa amma komai ya dogara a kansa: me zai faru idan mutum dubu suka taɓa rumbun bayanai lokaci guda, kuma me zai faru idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki?

Amsarsa ita ce a ɗauki aiki irin tiransifa a matsayin abu guda da ba ya rabuwa. Cire naira dubu biyar daga asusunka da zuba ta a asusun ƙanwarka, ko dai duka biyun su tabbata, ko kuma a koma kamar ba a fara ba. Babu rabi da rabi. To ta yaya injin da ya mutu bagatatan zai tuna inda ya tsaya? Nan ne dabarar take. Kafin sabar ta canza ko da lamba ɗaya a cikin rumbu, sai ta fara rubuta abin da za ta yi a wani kundi na daban da ke kan faifai, kamar dai ɗan kasuwar da ba ya miƙa kaya bashi sai ya rubuta a littafi tukuna. Idan aka sake kunna ta, kundin nan take fara buɗewa. Aikin da aka rubuta cewa ya kammala sai ta tabbatar ya zauna, wanda bai kai ƙarshe ba kuma ta warware shi. Shi ya sa har yau mai kula da rumbun bayanai na ƙwarai ba ya wasa da wannan kundi, kuma ya fi so ya ajiye shi a faifai daban da na ainihin bayanan. PostgreSQL, Oracle, SQL Server, duk a kan wannan tunani suke tafiya.

A 1980 ya koma Tandem, kamfanin da ke ƙera kwamfutocin da bankuna ke saya saboda ba a son su tsaya ko na minti ɗaya. A can ya yi wani bincike da ni a ganina ya kamata duk mai sha'awar wannan sana'a ya san da shi. A 1985 ya bi rahotannin lalacewar injinan kwastomomi ɗaya bayan ɗaya, yana neman sanadi. Kowa zai zaci ƙarfe ne ke ba da matsala. Ina! Kashi 42 cikin ɗari daga wajen kula da injin ne: kuskuren ma'aikaci, saiti mara kyau, gyaran da ya ƙara ɓata abu. Bai tsaya zagin ma'aikata ba, cewa ya yi a sauƙaƙa aikin yadda hannun mutum zai rage shiga ciki. Ya kuma lura cewa yawancin kurakuran manhaja da ke bayyana a bakin aiki masu wucewa ne, idan aka sake gwadawa sau da yawa sai a wuce lafiya. Wato kashe-ka-kunna da muke yi wa waya ba camfi ba ne gaba ɗaya.

A fannin ƙara wa sabar sauri ma ya bar alama. A 1987, shi da Gianfranco Putzolu suka lissafa farashin ƙwaƙwalwar kwamfuta da na faifai, suka fitar da ƙa'idar minti biyar: bayanin da ake nema aƙalla sau ɗaya duk minti biyar, ya fi araha a bar shi a ƙwaƙwalwa maimakon a riƙa ɗauko shi daga faifai. Lissafin kasuwa ne tsagwaronsa, kuma masana na sake auna shi duk lokacin da farashin kaya ya canza.

Bayan zama a kamfanin DEC, ya shiga Microsoft a 1995. A 1998 aka ba shi lambar yabo ta Turing, wadda ita ce ƙololuwa a ilimin kwamfuta. Shekarunsa na ƙarshe ya yi su yana taimaka wa masana taurari su zuba hotunan sararin samaniya a rumbun da kowa zai iya bincika ta intanet.

Ranar Lahadi 28 ga Janairun 2007 ya fita shi kaɗai a jirgin ruwansa mai suna Tenacious, ya nufi tsibiran Farallon da ke kusa da San Francisco don ya watsa tokar gawar mahaifiyarsa a teku, kamar yadda wasu ke yi a can. Yanayi lafiya lau, shi kuma ba baƙon ruwa ba ne. Bai dawo ba. Dakarun tsaron gaɓar teku suka yi kwanaki suna nema, suka haƙura. Abokansa ba su haƙura ba. Injiniyoyi daga kamfanonin da ke gasa da juna suka haɗa kai, aka samo hotunan tauraron ɗan'adam, aka yayyanka su ƙanana aka ɗora a dandalin Mechanical Turk na Amazon, dubban mutane suka yi ta dubawa ko za su hango farin ɗigo a kan ruwa. Ko katako ɗaya na jirgin ba a gani ba. Yana da shekara 63 lokacin da ya ɓace, kuma sai a 2012 kotu ta ayyana shi a matsayin wanda ya mutu.