Fada Marin Mersenne (1588-1648)

A wannan wata muna tunawa da wani firist na ƙasar Faransa wanda ya bauta wa Allah da Misa da kuma lissafi. An haifi Marin Mersenne a 1588, ya yi karatu a hannun 'yan Jesuit. A 1611 ya shiga zuhudun Minim, waɗanda ba sa cin nama ko ƙwai, kamar kullum Azumi ne.

Daga ɗan ɗakinsa a Paris yake musayar wasiƙu da Descartes da Fermat, yana kai tambayar wannan ga wancan. A 1634, shekara guda bayan hukuncin da aka yanke wa Galileo a Roma, ya buga wani littafinsa da Faransanci. Wannan ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce ga firist.

Sunansa ya zauna a kan wasu lambobi. A jera 2 sau biyar a ninka su da juna, a sami 32, a cire 1, saura 31, wadda ba ta rabuwa sai da kanta ko da 1. A 1644 ya jera irinsu goma sha ɗaya. Ya yi kuskure a biyu, ya tsallake uku, amma mu tuna da alƙalami kaɗai ya yi aikin. A 2024 kwamfuta ta gano ta 52. Ko suna da iyaka, har yau ba wanda ya tabbatar.

Ya rasu a Paris ran 1 ga Satumba, 1648. Allah ya ba shi hutawa ta har abada.