Luigi Sturzo, limamin cocin da ya ja da Mussolini har nasa suka juya masa baya

An haifi Luigi Sturzo a 1871 a garin Caltagirone da ke tsibirin Sisili, a kudancin Italiya, inda tsirarun masu ƙasa suka mallake gonaki, talakawa kuwa suna yi musu ƙwadago. Ya zama limamin cocin Katolika a 1894, a zamanin da Fadar Vatican ta hana mabiyanta shiga zaɓen majalisar ƙasa, saboda fushin ƙwace mata birnin Roma da gwamnatin Italiya ta yi a 1870. Da yake hanin bai shafi ƙananan hukumomi ba, Sturzo ya fara daga gida: ya kafa ƙungiyoyin manoma da asusun ba su rance, kuma ya riƙe ragamar garinsu daga 1905 zuwa 1920.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, a watan Janairun 1919, ya kafa jam'iyyar Partito Popolare Italiano. Ya dage cewa ba reshen coci ba ce, jam'iyya ce mai cin gashin kanta wadda ke neman a raba wa manoma ƙasa, a ba mata damar jefa ƙuri'a, a kuma ƙara wa yankuna iko. A zaɓen watan Nuwamban shekarar ta samu kujeru 100 cikin 508, jam'iyyar 'yan gurguzu kuma ta samu 156. Da sun haɗa kai, da rinjaye yana hannunsu.

Amma ba su haɗa ba. Yawancin 'yan gurguzu na jiran juyin juya hali irin na Rasha, suna kallon coci a matsayin abokiyar masu dukiya. 'Yan Katolika kuwa suna yi musu kallon maƙiyan addini. Sai bango ya tsage, ƙadangare ya samu wurin shiga. 'Yan daban Benito Mussolini suka riƙa ƙona ofisoshin ƙungiyoyin ɓangarorin biyu ba tare da bambancewa ba, har ya karɓi mulki a watan Oktoban 1922. Wasu 'yan jam'iyyar Sturzo suka karɓi muƙamai a gwamnatinsa, ba da son shugabansu ba.

A babban taron jam'iyyar a Turin, cikin watan Afrilun 1923, Sturzo ya fito fili ya ƙi aƙidar Fasist wadda ke ɗora gwamnati sama da komai. Ya kuma yaƙi sabuwar dokar zaɓe da za ta ba jam'iyyar da ta zo ta ɗaya kashi biyu cikin uku na kujeru, muddin ta samu rubu'in ƙuri'u. Fadar Vatican, wadda ke neman sulhu da sabuwar gwamnati, ta matsa masa ya sauka daga shugabancin jam'iyyar a watan Yuli. Wata guda bayan haka 'yan Fasist suka kashe wani limamin coci, Giovanni Minzoni.

Da aka kashe ɗan majalisa Giacomo Matteotti a 1924, Sturzo ya goyi bayan ƙawance da 'yan gurguzu masu sassaucin ra'ayi, amma Fafaroma Pius na 11 ya yi gargaɗi a kan hakan. A watan Oktoba manyan coci suka sa ya fice zuwa Landan. A 1926 aka rusa jam'iyyarsa, aka kuma kama Antonio Gramsci, jagoran 'yan kwaminis. A 1929 Vatican ta ƙulla yarjejeniya da Mussolini.

Shekara 22 ya yi yana gudun hijira a Ingila da Amurka. A can ya yi hulɗa da 'yan adawa masu ra'ayin kawo sauyi irin su Gaetano Salvemini, ya soki mamayar da Italiya ta yi wa Habasha a 1935 yayin da limamai da dama ke sa wa sojojin albarka, ya kuma ƙi mara wa Franco baya a yaƙin basasar Sifaniya.

Ƙawancen da ya gagara a da ya tabbata a 1943, lokacin da 'yan Katolika da 'yan gurguzu da 'yan kwaminis suka haɗu a gwagwarmayar 'yantar da ƙasar, daga baya suka rubuta tsarin mulkin da ya fara aiki a 1948. Sturzo ya dawo gida a 1946, aka naɗa shi sanata na dindindin a 1952, ya rasu a Roma a 1959. Mulki kuwa ya faɗa hannun Alcide De Gasperi, wanda ya taɓa jagorantar tsohuwar jam'iyyar bayan saukarsa.