Ronald Fisher: Masanin da ya raba hujja da sa'a

Idan manomi a garin Maruta da ke yankin Gwaram, a kudancin jihar Jigawa, ya zuba sabon taki a gona ɗaya ya bar ɗayar, da kaka kuma ta farkon ta fi ba da gero, mene ne ya kawo bambancin?

Mai yiwuwa takin ne. Mai yiwuwa kuma ƙasar gonar ce da ma ta fi ƙarfi, ko kuwa ruwa ne ya fi zama a cikinta. Yadda za a warware irin wannan tambaya da lissafi shi ne aikin da Sir Ronald Fisher, masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Birtaniya, ya fi shahara da shi.

An haifi Ronald Aylmer Fisher ne a birnin Landan ranar 17 ga watan Fabrairun 1890. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekaru 14, ba a daɗe ba kuma kasuwancin mahaifinsa ya karye.

Tun yana yaro yake fama da raunin gani, har aka hana shi karatu da hasken lantarki. Don haka aka riƙa koya masa lissafi da baki, babu takarda babu alƙalami. Wannan ya sa ya saba da warware matsala a cikin ƙwaƙwalwarsa, ya faɗi amsa ba tare da ya nuna hanyar da ya bi ba, abin da ya wahalar da masu karanta rubuce-rubucensa daga baya.

Ya shiga Jami'ar Cambridge a 1909, ya kammala a 1912. Da yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke, rundunar soji ta ƙi ɗaukarsa saboda idanunsa, sai ya koma koyarwa a makarantun sakandare, aikin da bai ji daɗinsa ba.

Gonar Rothamsted

A 1919 ne Karl Pearson, wanda shi ne jagoran masana ƙididdiga na Birtaniya a lokacin, ya yi masa tayin aiki a ƙarƙashinsa. Fisher ya ƙi, ya zaɓi tafiya cibiyar binciken aikin gona ta Rothamsted da ke arewa da Landan.

A wannan cibiya akwai wata gona da ake shuka alkama a cikinta kowace shekara tun 1843, ana gwada taki iri-iri, ana rubuta abin da aka girbe. Alƙaluman sun taru jibgi guda, kuma aikin da aka ba Fisher shi ne ya gano abin da suke nunawa.

Abin da ya lura da shi shi ne, gwajin da aka tsara ba daidai ba, babu lissafin da zai gyara shi daga baya. Sai ya fito da tsari: a maimaita kowane taki a wurare da dama, a raba gona kashi-kashi yadda ƙasar kowane kashi za ta yi kama da juna, sa'annan a jefa ƙuri'a wajen zaɓar inda kowane taki zai faɗa.

Ƙuri'ar ita ce ginshiƙin tsarin, domin tana cire hannun mai bincike daga zaɓen, tun da ɗan Adam kan karkata ga abin da yake so ko da bai yi niyya ba. Kazalika ya samar da hanyar lissafi ta tantance yawan bambancin da taki ya kawo da kuma wanda yanayin ƙasa ya kawo.

Littafinsa na 1925, Statistical Methods for Research Workers, ya bazu a duniya, har aka buga shi sau 14. Irin wannan tsari ne ya zama ƙa'idar gwajin iri da taki a cibiyoyin bincike, ciki har da ta Samaru a Zariya, wadda aka kafa a 1922, ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Kofuna takwas na shayi

Misalin da aka fi sanin Fisher da shi ya samo asali ne daga wata abokiyar aikinsa a Rothamsted, Dokta Muriel Bristol, wadda ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko ruwan shayi.

Maimakon gardama, sai aka tsara gwaji. Kofuna takwas, huɗu an fara da madara, huɗu an fara da shayi, a jera mata su bisa ƙuri'a, ta ware huɗun da aka fara da madara.

Ana farawa ne da ɗauka cewa ba ta iya ganewa, canki-canka kawai take yi. Hanyoyin zaɓar kofuna huɗu daga cikin takwas guda 70 ne, kuma ɗaya ce tak daga cikinsu ta dace baki ɗaya. Ke nan mai canki-canka zai ci duka sau ɗaya ne cikin 70.

To idan ta gane uku ta kuskure ɗaya fa? Akwai hanyoyi 16 da hakan zai iya faruwa. Idan aka haɗa su da hanya ɗayar ta cin duka, sun zama 17 cikin 70, wato kusan kashi 24 cikin ɗari. Abin da sa'a kaɗai ke iya kawowa kusan sau ɗaya cikin huɗu bai isa hujja ba.

Fisher ya bayyana wannan gwaji a littafinsa na 1935, The Design of Experiments, ba tare da ya rubuta sakamakon ba, sai dai an ruwaito cewa matar ta yi nasara.

Shi ne kuma ya yaɗa ma'aunin nan na kashi 5 cikin ɗari, wato ɗaya cikin 20: idan yiwuwar samun sakamako irin wanda aka gani ta hanyar sa'a ta gaza haka, sai a yi watsi da zaton farko. Ya ɗauke shi ne a matsayin iyaka mai sauƙin aiki, amma na bayansa suka mai da shi tamkar doka, har ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2016 kan yadda ake wuce gona da iri da shi.

Rigingimu da kurakurai

Fisher mutum ne mai zafin rai. Ya yi doguwar gaba da Karl Pearson, daga 1935 kuma ya shiga wata da Jerzy Neyman, wanda tare da Egon Pearson suka kawo batun kurakurai iri biyu: ƙaryata zaton da yake gaskiya, da kuma amincewa da wanda yake ƙarya. Abin da ɗalibai ke karantawa a jami'o'i gauraye ne na ra'ayoyin ɓangarorin biyu, duk da cewa su kansu ba su taɓa sasantawa ba.

Babban kuskurensa ya zo ne a kan taba. A 1950, Richard Doll da Austin Bradford Hill sun wallafa binciken da ya danganta shan taba sigari da kansar huhu. Fisher, wanda shi kansa mashayin lofe ne, kuma ya yi wa kamfanonin taba aikin ba da shawara, ya dage a 1957 da 1958 cewa haɗuwar abubuwa biyu ba ta nuna ɗaya ne ya haifar da ɗayan ba, watakila gado ne ke jawo su duka. Ƙa'idar daidai ce, amma a nan ya ɗora ta inda hujjoji suka riga suka rinjaye ta, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da maganar su Doll.

Akwai kuma aƙidarsa ta inganta zuri'ar ɗan Adam ta hanyar ƙarfafa wa wasu haihuwa da rage ta wasu. Tun yana ɗalibi a 1911 ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar wannan aƙida a Cambridge. Lokacin da hukumar UNESCO ta shirya sanarwarta ta 1951 kan jinsunan mutane, ya ƙi amincewa da ita, yana ganin al'ummomi sun bambanta a basirar da aka haife su da ita.

An ba shi sarautar Sir a 1952, ya yi ritaya daga Cambridge a 1957, daga bisani ya koma birnin Adelaide na Ostireliya, inda ya rasu ranar 29 ga watan Yulin 1962, bayan tiyatar da aka yi masa ta kansar hanji.

A watan Yunin 2020, kwalejinsa ta Gonville and Caius a Cambridge ta yanke shawarar cire tagar gilashin da aka sanya don tunawa da shi, saboda ra'ayoyinsa kan jinsi. Zanen da ke jikin tagar jadawali ne mai layi bakwai da launi bakwai, irin wanda ake tsara gonar gwaji da shi.