Jack Lovelock: Ɗan Tsere, Likita, Tsohon Ɗalibi

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu masu girma, na zaɓi in kawo muku tarihin wani mutumin Niyu Zilan, domin har yau wasu iyaye na ganin yaron da ya kama wasanni ya bar karatu ke nan.

An haifi Jack Lovelock a 1910. Ya yi sakandare a makarantar maza ta garin Timaru, ya fara karatun likita a Jami'ar Otago, sannan a 1931 ya sami tallafin karatu na Rhodes zuwa Oxford a Ingila. Yana ɗalibi ne ya kafa tarihin duniya a tseren mil ɗaya a Princeton ta Amurka a 1933, cikin minti 4 da daƙiƙa 7.6. A 1934 ya ci zinare a wasannin daular Ingila a Landan.

Babbar ranarsa ita ce ta tseren mita 1,500 a wasannin Olamfik na Berlin a 1936. An san shi da ajiye ƙarfinsa sai dab da ƙarshe, amma ran nan tun da sauran mita 300 ya zabura. Kafin Glenn Cunningham na Amurka ya farga, ya yi masa nisa. Ya gama cikin minti 3 da daƙiƙa 47.8, sabon tarihin duniya.

A Yaƙin Duniya na Biyu ya yi aikin likita a rundunar sojan Ingila. Faɗuwa daga kan doki a 1940 ta bar shi da jiri da raunin gani. A Disambar 1949 ya faɗa gaban jirgin ƙasa a wata tasha a Niyu Yok, ya rasu yana da shekara 39.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na dashe. A Berlin an ba duk wanda ya ci zinare ɗan dashen itacen da Turawa ke kira oak. Na Lovelock a harabar tsohuwar makarantarsa aka dasa shi, ya girma ya zama babbar bishiya, ɗalibai suna shan inuwarta. Mu fa, me muka mayar wa tamu? Ina roƙon a sa gyaran filin wasanninmu cikin ajandar taronmu mai zuwa. Allah ya ba mu iko, amin.