Georg Ohm, ɗan maƙerin da lissafinsa ke cikin kowace wayar wuta

Mai shago a kasuwar Mont-Bouët ko magidanci a Libreville da ke mamakin yadda kuɗin wutar da ya zuba a mitar EDAN ke saurin ƙarewa, ko yadda waya ke ɗaukar zafi a bango, amsarsa na cikin lissafin wani malamin makaranta Bajamushe.

An haifi Georg Simon Ohm a garin Erlangen ranar 16 ga Maris, 1789. Mahaifinsa maƙerin makullai ne da ya koya wa kansa lissafi, ya kuma koyar da 'ya'yansa a gida. Mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan shekara 10. Ya shiga jami'ar garinsu a 1805, amma wasa ya ɗauke masa hankali, sai uban ya tura shi ƙasar Suwizalan, inda ya kama aikin koyarwa. Ya dawo ya kammala digirin digirgir a 1811.

A 1817 ya sami aiki a wata makarantar sakandare a birnin Cologne, mai ɗakin gwaje-gwaje. Batiran wancan zamani ba sa ba da wuta daidai wa daida. Don haka ya haɗa ƙarafa iri biyu, ya tsoma mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara, ya sami wutar da ba ta rawa. Da ita ya yi ta gwada wayoyi masu tsawo daban-daban.

Abin da ya gano, ya wallafa a littafi a 1827, shi ne: wutar da ke gudana a waya tana ƙaruwa gwargwadon ƙarfin da ke tura ta, tana kuma raguwa gwargwadon turjiyar wayar. Doguwar waya siririya ta fi gajeriya mai kauri turjiya.

Ga misali. Wutar gida a Gabon, kamar a Nijar da Kamaru, volt 220 ce. Idan dutsen guga na jan ampiya 5, a raba 220 da 5, turjiyarsa om 44 ke nan. A ninka 220 sau 5, ƙarfin cin wutarsa wat 1,100 ne. Awa ɗaya yana aiki, mita ta cire kilowat-awa 1.1. Idan aka jona irinsa uku a kan siririyar waya guda, ampiya 15 za su bi ta cikinta, turjiyarta ta mai da wani kaso na wutar ya zama zafi. Ta nan gobara kan samo asali.

Manyan masanan Jamus ba su karɓi littafin hannu bibbiyu ba. Ohm ya ajiye aikinsa na Cologne, ya yi shekaru yana 'yan koyarwa a Berlin kafin ya sami gurbi a Nuremberg a 1833. Sai a 1841 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society da ke Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley. Kujerar farfesa a jami'ar Munich kuwa sai a 1852, shekara biyu kafin rasuwarsa ranar 6 ga Yuli, 1854.

A 1881, taron masana lantarki na duniya a birnin Paris ya amince da sunansa a matsayin ma'aunin turjiya. Shi ya sa alamar om ke jikin na'urar awon da masu gyaran wuta da rediyo ke riƙewa, daga Libreville har Maraɗi.