Ralph Bunche

Ralph Johnson Bunche (7 ga Agusta, 1904 – 9 ga Disamba, 1971) masanin kimiyyar siyasa ne kuma jami'in diflomasiyya ɗan ƙasar Amurka. Shi ne baƙar fata na farko da ya samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, a shekarar 1950.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a Detroit. Bayan rasuwar mahaifiyarsa, kakarsa ta rene shi a Los Angeles. Ya kammala Jami'ar Kalifoniya da ke birnin a 1927, sannan ya yi digirin digirgir a Harvard a 1934. A tsakanin nan ya kafa sashen kimiyyar siyasa a Jami'ar Howard.

Kundin digirinsa ya kwatanta mulkin Faransa a Dahomey, wato Benin ta yau, da kuma Togo. Dahomey ƙasar mallaka ce kai tsaye, ita kuwa Togo amana ce da Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan lokaci ta damƙa wa Faransa. Bunche ya je ƙasashen biyu da kansa, ya kuma tarar cewa bambancin da ke tsakaninsu kaɗan ne a rayuwar talakawa, domin masu sa ido daga Janeba sun dogara ne da rahoton da mai mulkin ya aiko musu.

Majalisar Ɗinkin Duniya

A taron San Francisco na 1945 ya taimaka wajen tsara sassan Yarjejeniyar Majalisar da suka shafi ƙasashen da ba su samu 'yanci ba. Sabon tsarin riƙon amana ya tanadi tura wakilai su gani da idonsu, abin da tsohon tsarin ya rasa. Daga 1946 ya shugabanci sashen da ke kula da wannan aiki.

Da aka kashe mai shiga tsakani na Majalisar, Folke Bernadotte, a birnin Ƙudus a Satumban 1948, Bunche ne ya gaje shi. Ya jagoranci tattaunawar tsibirin Rhodes wadda ta kai ga yarjejeniyoyin tsagaita wuta na 1949 tsakanin Isra'ila da maƙwabtanta Larabawa. Wannan aiki ne ya kawo masa lambar Nobel. A 1956 ya tsara rundunar kiyaye zaman lafiya da aka tura Masar bayan rikicin Suwez.

Rikicin Kwango

Kwango ce ta fi ba shi wahala. Yana ƙasar lokacin da ta samu 'yanci daga Beljiyam ranar 30 ga Yuni, 1960. Cikin kwanaki sojoji suka yi bore, lardin Katanga mai arzikin ma'adinai ya ɓalle a ƙarƙashin Moïse Tshombe. Firaminista Patrice Lumumba ya nemi dakarun Majalisar su murƙushe 'yan awaren da ƙarfi. Bunche, a matsayin wakilin Babban Sakatare Dag Hammarskjöld, ya tsaya a kan cewa ba a ba rundunar ikon shiga rikicin cikin gida ba. Dangantakarsu ta yi tsami, ya bar Kwango a watan Agusta, aka kashe Lumumba a Janairun 1961. Har yanzu masana na saɓani kan ko matsayin da Majalisar ta ɗauka rashin nuna ɓangaranci ne, ko kuwa ya raunana zaɓaɓɓiyar gwamnati.

Ƙarshen rayuwa

Ya shiga gangamin neman 'yancin baƙar fata na Washington a 1963 da tattakin Selma a 1965. Ciwon sukari ya sa ya ajiye aiki a 1971, ya rasu a New York a ƙarshen shekarar.