Marsel Daso, maƙerin jiragen sama

An haifi Marsel Blok a birnin Pari, a ƙasar Faransa, a shekarar 1892. Ubansa likita ne. A 1909, yana ɗan makaranta, ya ga jirgin sama yana kewaya hasumiyar Efel. Tun daga ran nan ya ƙudura a ransa zai ƙera jirage.

Lokacin yaƙin duniya na farko, ya ƙera farfela ta katako. Aka sa ta a jiragen sojan Faransa. Daga baya ya kafa masana'antarsa.

A 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Jamusawa suka nemi ya ƙera musu jirage. Ya ƙi. A 1944 suka kai shi sansanin Bukenwal, inda yunwa da cuta da azaba suka kashe dubban mutane. An sake shi a 1945, ya rame ƙwarai. Bayan yaƙi ya ɗauki sunan Daso, ya koma aikinsa. Jirginsa mai suna Mirage III ya fara tashi a 1956.

A wancan zamanin, da hannu ake zana jirgi. Jirgi ɗaya yana da sassa dubbai, kowane da zanensa a takarda. In an yi kuskuren awo kaɗan, sassan ba su haɗuwa, sai a sake aiki. A 1977 injiniyoyin Daso suka fara shirya wani tsarin kwamfuta, wanda aka sa wa suna CATIA. Mai zane yana ganin sashen jirgi a gilashin kwamfuta, da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa. Yana juya shi ta kowane gefe, yana gyara kuskure tun ba a taɓa ƙarfe ba. Sannan kwamfuta ta ba injin yankan ƙarfe awon daidai.

Daso ya mutu a 1986, yana da shekara 94. Aikin bai tsaya ba. A 1994 jirgin Boeing 777 na Amurka ya fara tashi. Da CATIA aka zana shi gaba ɗaya.

Tambayoyi
1. Mene ne Marsel ya gani a 1909?
2. Don me aka kai shi Bukenwal?
3. Ta yaya kwamfuta take taimakon mai zanen jirgi?